Kunkurun da Taubashina Ya Turke

Ranar da aka gama malale tsakar gidanmu da siminti, na zauna a kan turmi ina kallon Ɗanwake yana karta. Ɗanwake kunkuruna ne, kuma kada sunan ya ruɗe ka, don a yau idan ya kwanta a ƙofar zaure sai dai baƙo ya yi sallama ya tsallake shi. Ƙarti biyu ba sa ɗaga shi sai sun yi bismilla sau uku. Ya karta nan, ya ja jiki ya karta can, faratansa na ƙara kamar ana kankare ƙanzo a tukunyar ƙarfe, bai samu ko tafin hannu na ƙasa ba. Gari ya cim mana. Da, idan ka tsaya a bayan gidanmu, tsakaninka da Tofa gero ne da dawa da kukoki. Yanzu birni ya taho ta Rijiyar Zaki yana cinye gonaki fuloti bayan fuloti, 'yan'uwana sun sayar da rabonsu, maƙwabcina na dama malamin jami'a ne, na hagu ko sunansa ban sani ba. Malamin ya zo har sau biyu, cikin ladabi, yana cewa dabbata ta haƙo ta ƙarƙashin katangarsa ta ɓullo masa a gindin famfo. Dalilin simintin ke nan. Da na ga Ɗanwake ya gaji ya miƙe wuya a kan wannan busasshen abu, sai na tuna ɗan'uwansa Ƙosai, na tuna wanda ya kashe shi, na ji tsohon haushina ya motsa. Haushin nan lafiyarsa ƙalau, ko furfura bai yi ba.

A shekarun farin nan ne abin ya faru. Yaran yanzu idan an ce yunwa, sun ɗauka jinkirin abincin rana ake nufi. Mu da muryar turmi muka san gari, tun asuba gida-gida ana luguden daka, kana kwance kana gane hannun kowace mace. A shekarun nan turame suka yi shiru. Guga ya sauka rijiya, ka ji ya bugi ƙasa, ka tsaya ka karanta Fatiha da ƙulhuwallahu, sannan ya fito da rabin laka. Sau uku muka yi shuka, sau uku rana ta lashe ta. Mata suka koma tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, ana kwaɗo babu ƙuli, ana tuƙa tuwon dusa wanda idan ka haɗiye loma sai ka raka ta da addu'a. Jakinmu ya rame har idan zai yi kuka sai ya jingina da bango. Ɓeraye suka yi ƙaura daga rumbunmu, na ga na ƙarshensu da idona yana fita yana waiwaye yana girgiza kai.

A lokacin ban fi shekara goma ba. Akwai wani tsoho a unguwarmu, Baba Mai Tufka muke kiransa, don kullum yana gindin tsamiya yana tufka igiyar rama a cinyarsa. A bayan gidansa akwai manyan kunkura biyu da ya gada a wurin mahaifinsa. Wani ruwa ya sauka a shekarar, irin mai yaudarar manomi, bayansa sai ƙasar bayan gidan ta tsage, 'yan ƙanana suka fara fitowa, kowanne bai kai ƙwan kaza ba. Na tare a jikin dangarsa, safe da yamma, ina leƙe.

Rana ta huɗu ya ce, “Kai ɗan nan, idonka zai huda min su. Shigo.”

Na shiga na durƙusa. Ya ɗora min biyu a tafin hannu. Cikinsu da laushi, har da ɗan tabon cibiya.

“Me za ka ba su?”

“Tuwo, Baba.”

“Kai ka samu tuwon? To ko ka samu, ranar da ka ba su tuwo ka fara haƙa musu kabari. Abincinsu abincin jaki ne. Harkiya, ƙiri-ƙiri, guɗe-guɗe, ɗanya ko busasshiya, ka tsinka musu ƙanana. In an ci ƙwai a gidanku, ko da yake na san ba a ci, ka roƙi ɓawon ka daka ka barbaɗa musu.”

Bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na maimaita masa komai kamar hadda. A kewaye musu wuri da tubali, a zuba ƙasa mai yashi, rabi rana rabi inuwar zana. Su sha hantsi, amma da zarar inuwar mutum ta gajarta a mayar da su inuwa, don rana tana dafa ƙarami a cikin ƙoƙonsa. Kullum a jiƙa su a tsingaro da ruwan da rana ta ɗumama, ruwan ya tsaya a haɓarsu, kada ya wuce. A rufa ƙayar magarya a sama saboda shirwa da hankaka, a zagaye da toka saboda cinnaka. Daga ƙarshe ya yanko guntun karan dawa, ya gwada a bayan kowannensu, ya yi tsaga da wuƙa.

“Duk sabon wata ka gwada. In ka ga ba su ƙaru ba, ka gode wa Allah. In ka ga sun ƙaru da yawa, ka rugo ka faɗa min, an samu matsala.”

Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Na sa wa mai duhun Ƙosai, mai hasken Ɗanwake, don a shekarar nan duk abin da na kalla abinci nake gani.

Ban taɓa yi wa wani abu bauta irin wannan ba. Ciyawa kanta ta zama abin nema, sai na yi tafiya har bakin fadama in tsugunna tsakanin awakin mutane muna rige-rige. Ruwan jiƙonsu daga rabona na sha nake ragewa. Inna ta ce da rabin wannan hidima na yi wa karatu, da tuni na sauke. Su kuwa ko a jikinsu. Ƙosai zai kalli ganye ɗaya tun hantsi, ya yi shawara da zuciyarsa, sai wajen azahar ya gatsa. Wata ya tsaya na gwada kara, babu abin da ya ƙaru. Wani watan ya tsaya na gwada, sai na ga kamar ma sun ragu. Sai a wata na huɗu tsagar ta matsa da faɗin ƙwayar dawa, na bi gari ina shela kamar an yi min ƙane. Yau ɗana na ƙarami in ya danna waya ta yi jinkirin ƙiftawar ido sai ya ce ta lalace. Na so a ce shi aka ba wa karan nan.

To, ina da taubashi, ɗan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ya girme ni da shekara biyu, dogo, mai saurin baki da saurin hannu. Wanda bai tashi a cikin abin ba, bari in gaya masa: taubashi shi ne mutumin da al'ada ta ba shi lasisin cin mutuncinka, kai kuma ta hana ka fushi. Yana ce min bawansa, ina ce masa bawana. A garinmu idan watan Cika-ciki ya zo, ɗan mace kan zo gidan ɗan namiji da guntun tsintsiya, ya share ƙofar ɗaki sau biyu, a ba shi shara. In ba a ba shi ba, ya ɗauki abin da idonsa ya faɗa a kai, kuma abin da ya tafi a shara ba ya dawowa. Cika-cikin shekarar nan da ruwa muka cika shi. Washegari da hantsi ina jiƙa su Ƙosai sai ga shi da tsintsiyarsa.

“Bawana, na yi shara. Kawo.”

“Ba ni da komai, ka duba.”

Ya duba. Bai ɗauki hulata ba, bai ɗauki dankona ba. Ya sa hannu a tsingaro ya ɗauki Ƙosai.

“Wata nawa kana kiwon wannan?”

“Biyar. Ajiye shi, don Allah.”

“Wata biyar, yana nan kamar kashin raƙumi? Ai ba ka iya kiwo ba. Bari ka ga yadda 'ya'yan mata ke yi.”

Na riƙe masa riga ina kuka, matan gida suna dariya. Inna da kanta ta ɓamɓare yatsuna ta ce, “Sakar shi, kada ka ja mana abin faɗa a dangi.”

Gidan su Gwaggo gidan kiwon turka ne, kowace shekara sai sun fitar da ragon layya da ake zuwa kallo. Abin da taubashina ya sani ke nan, shi kuwa ya yi wa Ƙosai. Ya gasa basilla ya huda gefen ƙoƙonsa, ya zura zare, ya ɗaure shi a ƙafar gado cikin ɗaki mai duhu, wai kada yawo da rana su zuƙe masa ƙiba. Ya riƙa satar dusar da Gwaggo ke tuƙa musu, yana damawa da ruwan kanwa yana ɗura masa, har da jiƙaƙƙen ƙanzo in an dace. Gwaggo ta yi ta tsine wa ɓerayen da suka daɗe da barin gari.

Abin haushin, sai Ƙosai ya kama girma. Cikin wata huɗu ya ninka Ɗanwake. Taubashina ya riƙa kawo shi dandali a cikin hula, yana ajiye shi kusa da nawa, yara suna ihu wai uba da ɗa. Suka sa min suna Mai Kiwon Tsakuwa. Na jure, na jure, ran nan na kasa. Na ɓoye lomar tuwona a aljihu, na je zan ba Ɗanwake, sai na ga gara in fara wanke kaina a wurin Baba Mai Tufka.

“Baba, nasa ya fi nawa.”

Bai ɗago daga tufkarsa ba. “Ka taɓa bayansa?”

“A'a.”

“Bayan nasa sumul yake kamar na naka, ko ya yi tudu-tudu?”

“Ya yi tudu-tudu, kamar kunyar gyaɗa.”

“Cinye tuwon da ke aljihunka, kana buƙatarsa. Nama yana sauri, ƙashi ba ya sauri. An cika ɗaki da kaya tun ginin bai bushe ba.”

Na cinye tuwon a gabansa, ban ji daɗin maganar ba, ban kuma gane ta ba sai bayan wata biyu. Ina shara a ƙofar gida taubashina ya zo ya ajiye min hularsa a ƙasa. Ya ce, “Ga abinka, ya lalace. Dama irin banza ne.” Ya zazzage Ƙosai ya kaɗe hular ya tafi yana fito. Idanun Ƙosai sun kumbura sun rufe. Ƙafafunsa na baya ja yake yi. Da na ɗauke shi, yatsana ya lotsa cikin bayansa kamar nunanniyar gwanda. Zaren yana nan a hudar, ya yi baƙi. Na ruga wurin Baba Mai Tufka, ya juya shi sau ɗaya ya miƙo min, ya ce in kai shi ya sha hantsi, ko ba komai ya ga rana kafin ya tafi. Kwana uku ina jiƙa shi ina sa masa harkiya a baki. Ɗanwake ya zo ya tsaya kusa da shi yana cin tasa ciyawar a hankali. A na huɗu na tarar Ƙosai ya miƙe wuya, babu rai. A shekarar nan an binne mutane a garinmu, tsofaffi da jarirai, na sani, kuma ba na haɗa su da kunkuru. Amma su Allah ne ya ɗauke su. Ƙosai kuwa na san hannun.

Na kai ƙara wurin mahaifina yana gyaran ƙotar fartanya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariyar da rabon da ya yi irinta tun kafin fari.

“Ƙarar taubashi ka kawo min? Wa ka taɓa ji an yi wa wannan shari'a? Ko gidanka ya ƙona, wasa ne. Tashi ka ba ni wuri.”

Na tashi. Tunda babu alƙali, na zama alƙalin kaina. Na tara ƙaiƙayin gero a tsumma, na faki ido yana wanka a bayan rijiya, na zazzage masa a wando. Ya yi rawar da har yau tsofaffin garinmu in sun tuna sai sun share hawaye. Amma kafin la'asar ya warke, ni kuwa tsumagiyar da mahaifina ya yi min ta kwana bakwai a jikina, don wai wasa daban, mugunta daban. Huda ɗan kunkuru da basilla wasa ne, ƙaiƙayi mugunta. Na je gindin tsamiya ina tafiya kamar agwagwa. Baba ya kalle ni ya ce, “Ka rama?” Na ce na rama. Ya ce, “Ka huce?” Na ce a'a. Ya ce, “To ka yi wa ramuwarka turka, ta yi saurin girma, ta fito da laushi. Mai kiwon kunkuru da gaggawa?” Ban sani ba ko nufinsa in haƙura. Ni dai ba haka na fassara ba.

Daga nan duk Cika-ciki sai in kai Ɗanwake gidan Baba ya kwana biyu, har ya yi girman da ba ya shiga hula. Ruwa ya dawo, turame suka dawo da muryarsu, Baba ya rasu, karan awon ya ƙare na koma igiya. Ɗanwake ya kai faifai ina saurayi, ya kai kwano na yi aure, ya kai daro ina aurar da 'yata ta fari. Bayansa sumul, in ka ƙwanƙwasa kamar ƙofar masallaci. Taubashina kuma ya zama Alhaji, ya yi tumbi, gaggawarsa tana nan. Shi kaɗai a danginmu bai sayar da gonarsa ba, ya kewaye ta da bulo, ya haƙa burtsatse, yana noman latas da kabeji da tumatir, yana ɗura musu takin zamani su fito cikin sati uku. Kuma bai fasa zuwa shara ba. Kowace shekara sai ya zo da tsintsiyarsa, da furfurarsa, in ba shi goro, ko hula, ko zakara, muna dariya. Ya ɗauka na manta. Ko sau ɗaya ban ambaci Ƙosai ba.

Simintin nan ya sa ni a tsaka mai wuya. Kunkuru ba ya rayuwa inda ba zai haƙa ba, na ga Ɗanwake ya fara ƙin ciyawa, tafin ƙafarsa ya fara saɓulewa. Wani ya zo zai saya ya kai wa masu magani, na raka shi har titi da maganganun da ba zan rubuta ba. Ƙasa mai faɗi da katanga da ruwa, a duk yankinmu wuri ɗaya ta rage, kuma na wanda ya kashe ɗan'uwansa ne. Na kwana uku ina juya abin, sai na ji dariya ta kama ni ni kaɗai har maiɗakina ta leƙo.

Cika-cikin bana na gayyato liman da mai unguwa da dattawa huɗu, na ce su zo shan fura da hantsi. Suna zaune sai ga Alhaji, ya share ƙofa sau biyu yana nishi.

“Bawana, na yi shara. Bana me ka tanada wa ubangidanka?”

“Alhaji, bana babba ce. Malam, abin da aka bayar a shara ana ƙi?”

Liman ya ce, “Ba mu taɓa ji ba.”

“Ana dawo da shi?”

Mai unguwa ya ce, “Ba a dawo da shi.”

Na ɗaga zanar da na yi rufi da ita a gefe. Ɗanwake ya ɗago kai ya kalli Alhaji. Amalanke tana waje da ƙarti huɗu, tun jiya na yi magana da su.

Alhaji ya ce, “Kai, bar wasan nan. Ina zan kai wannan dutsen?”

“Lambu. Kai ne ka iya kiwo, ka faɗa da bakinka ina ɗan shekara goma. Na farkon ka ɗauka da hannunka, wannan ni na ba ka, a gaban shaidu. Ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a hudawa. Ba dusa, ba kanwa, ba ɗaki. Ciyawa dami guda kullum, kuma da hannunka, don ba ya cin yankan ɗan ƙwadago.”

Wannan na ƙarshen ƙarya ce, amma liman bai san kunkuru ba, ya gyaɗa kai. Alhaji ya kalli dattawa yana neman mai ceto, ya ga kowa ya sunkuya a kan furarsa kafaɗu na rawa. Ya buɗe baki zai yi fushi, mai unguwa ya ce, “A'a, Alhaji, da taubashi?”

Da amalanken ta fita na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba, wannan kuma ba ruwan kowa. Amma a satin farko Ɗanwake ya ture shingen da aka yi masa ya share kunya shida ta latas. A na biyu ya haƙa ramin da ya karya bututun ruwa. Ƙafarsa ta warke, cinsa ya dawo, har wani sheƙi yake yi. Likitan dabbobi ya ce min irinsu suna iya binne mai su da ɗan mai su, na ce ya maimaita a gaban Alhaji.

Yanzu kullum da hantsi nakan ɗauki 'yar kujerata in tafi lambu duba aiki. Jiya na tarar da Alhaji a duƙe a bakin kwata da lauje, hannu ɗaya a ƙugu, gumi na ɗiga daga gemunsa, Ɗanwake na tsaye a bayansa yana jira kamar mai gida.

Ya ce, “Don girman Allah, shekara nawa zan yi ina wannan?”

Na gyara zama, na ɓare goro. Na ce, “Alhaji, wannan da ka yanko tofa ce, ba ya cin ta. Zubar, ka koma can gindin bango, akwai harkiya.”